Birkin da Na Taka a Kan Gada

Ƙarar da na fara ji ba ta ƙarfe ba ce, ta ƙashi ce. Gwaggo ce ta taho daga kujerar baya ta daki bayan kujerata da hannu, na ji ƙas ɗin har cikin haƙorana. Kafin in juya, motar kayan da ke bin mu ta ɗirka mana ta baya, gilashi ya watso mana a wuya kamar tsakuwa. Motarmu ta zabura da kanta, ta karkace, ta nufi ƙarfen gefen gada. Ban san sa'ad da na miƙa hannu na fizgo sitiyarin ba. Shekara bakwai ina wannan fizgar, hannuna ya daina jiran izinina. Muka gurji ƙarfen, madubin gefena ya ɓalle. Da idona na gan shi yana juyi a iska, yana sauka, yana ƙanƙancewa, har na runtse ido bai kai ruwa ba.

Sai muka tsaya. Gwaggo tana salati da wata murya da ban san ta da ita ba. Mai Tabarau, mutumin da saura wata biyu a ɗaura mana aure, yana lalube a ƙasan kujera yana neman tabaransa, yana kiranmu ɗaya bayan ɗaya don ya ji kowa na numfashi. Yayarsa kuma, wadda nake kira Anti, tana kujerar direba, ta ƙanƙame sitiyari da hannu biyu, idonta a kan titi kamar har yanzu tafiya muke.

"Na taka birki," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Malama, na taka birki a tsakiyar gada. Wallahi ban san na taka ba."

Na buɗe baki. Allah ne shaidata, na buɗe baki. Amma mutane sun riga sun yi mana zobe, wani yana jan ƙofa, wani yana nuna alamar 'yan koyo da ke manne a jikin motar yana cewa ai ga shi nan, an ɗauki mota an ba 'yar koyo a kan babbar gada. Wani dattijo ya leƙo ta tagata ya ce shi ya ga lokacin da na fizge sitiyarin, ba don ni ba da yanzu masu kwalekwale ake nema. Ya yi ta sa mini albarka.

Na karɓi albarkar, na rufe bakina.

Yau kwana goma sha tara ke nan, kuma ku da kuke karanta wannan ku ne na farko da zan faɗa wa da kaina. Anti ba ta taka komai ba. Ni na taka.

Bari in koma baya, don ku san irin wadda kuke saurare. Ni malamar tuƙi ce. Mata nake koya wa mota a wata ƙaramar makaranta da ke bayan gidan mai, ofis ɗaki ɗaya, benci ɗaya, motoci uku. Motar koyo ba kamar taku ba ce. A gefen da malami yake zama akwai birki na biyu, kuma sandar ƙarfe ce ta haɗa shi da na direba ta ƙasa. In na taka nawa, nata ma nutsewa yake. Ɗalibar da ƙafarta ke kusa za ta ji birki ya tafi ƙasa, in a ruɗe take sai ta rantse ita ta taka. Mu malamai mun san da haka, har amfani muke da shi. Akuya ta gifta, in taka a ɓoye, mota ta tsaya cak, in juya in ce wa ɗaliba, kin gani, ashe kin iya. Ta koma gida da ƙwarin gwiwa. Ƙarya ce ta alheri, na yi ta ya fi sau ɗari. Ban taɓa kawo wa raina ranar da za ta juye mini ta wannan fuskar ba.

A gidanmu ni ce auta, ni ce kuma direba. Asibiti, kasuwa, ɗauko baƙi daga tasha, duk Auta. Yayana namiji yana da lasisi, amma in za a shiga lungu mai matsi da baya, sauka yake ya miƙo mini makulli yana cewa shi ba ya gasa da aljanu. Abin da ba wanda ya sani sai Umma shi ne, ni ba na iya hawa gada mai tsayi.

Kada ku tambaye ni dalili, don na gaji da tambayar kaina. Ba wanda ya mutu mini a ruwa, ban taɓa faɗowa daga ko'ina ba. Wata Talata ce kawai, shekara biyar da suka wuce, ina kan gadar sama ta cikin gari da rana tsaka, sai na ji hannuwana ba nawa ba ne. Titi ya tsuke. Wani abu a cikin kaina yana ce mini, in kika murɗa sitiyarin nan kaɗan fa? Ba mutuwa nake so ba, ku fahimce ni. Hannuna nake tsoro, kada ya yi abin da ban sa shi ba. Na sauko daga gadar jiƙe da gumi har cikin takalmi, na faka a gefe na yi amai. Tun ranar ban sake hawa ba.

Na haddace kowane lungu na garin nan don in kauce wa gadoji uku. Ɗalibaina suna yabona wai ina koya musu hanyoyin da mazajensu ma ba su sani ba. Mai makarantarmu yana alfahari da ni a gaban baƙi. Da na faɗa wa Umma, ta yi mini addu'a, sannan ta ce in bar maganar a ɗakinta, don ba uban da zai kawo 'yarsa wajen malamar tuƙi mai tsoron gada. Na taɓa ganin likita sau ɗaya, ya ce abin yana da magani, ya rubuta mini takarda zuwa wani asibiti. Na duba inda asibitin yake. Sai an haye gadar sama. Takardar tana nan a cikin akwatina.

Anti ta zo mana bara. Nas ce, shekararta arba'in da ɗaya, 'ya'ya uku. Mijinta ya rasu ya bar mota a gareji an lulluɓe ta da tamfol, shekara biyu ba ta iya ko buɗe ƙofar ba. Ranar farko da ta zauna a kan sitiyari kuka ta yi, ba mu ko tayar da inji ba. Wata takwas na yi da ita. Sau biyu tana faɗuwa gwaji, a na uku ta ci, ta rungume ni a gaban jami'in har ɗankwalinta ya zame. Ƙanenta ne yake rako ta, ya zauna a bencin ofis da littafi har mu dawo. Gwajin jini yake yi a asibitin da take aiki. Dogo ne, ba ya son hayaniya, in zai yi dariya sai ya fara tura tabarau sama da ɗan yatsa. Da Mai Tabarau na ajiye lambarsa a wayata, kuma har yau ban canja ba.

A hirarmu ta uku ya ce akwai abin da yake so in sani tun tafiya ba ta yi nisa ba. Yana da farfaɗiya. Yana shan magani, takan yi shekara ba ta tashi ba, amma likita ya hana shi tuƙi har abada. Mata biyu sun bar shi a kan haka, ta biyun ma sai da aka sa rana. Ya ce tun daga nan ya yi wa kansa alkawari zai riƙa faɗa da wuri, don abin da ya fi tsana a duniya shi ne mutum ya gano abu daga baya. Sannan ya cire tabarau, ya dube ni da idon nan nasa da ke ƙanƙancewa, ya tambaye ni ko ni ma akwai abin da ya kamata ya sani.

Na yi dariya na ce ni matsalata ɗaya ce, ba na cin albasa.

Ya yi dariya shi ma, ya ce to Allah ya dube shi, ya hana shi tuƙi ya ba shi direba. Tun ranar yake ce mini Direbata. Duk sanda ya faɗa sai in ji kamar an ɗora mini bulo a ƙirji, in yi murmushi.

Mahaifiyarsu tana wani gari, tafiyar awa biyar, a ƙetaren babban kogi. Ɓarin jikinta ya shanye, ba za ta iya zuwa biki ba, sai ta aiko tana so ta gan ni da idonta. Umma ta ce Gwaggo, ƙanwar marigayi babanmu, ta raka ni. Gwaggo dama ba son auren take ba, tun da ta ji labarin ciwonsa take cewa mu muna kallo za a kai Auta jinya. Amma ta ce za ta je, ta ga gidan da ido.

Kwana huɗu ina kan taswirar waya. Gada ɗaya ce a kan kogin, doguwa, mai tsayin da jirgin ruwa ke wucewa ta ƙarƙashi. Ɗaya hanyar sai an yi zagayen awa shida ta titin da ba kwalta. Na kawo shawarar bas, don a bas zan iya cusa kaina cikin mayafi ba wanda ya kula. Gwaggo ta ce ita da ƙafafunta masu kumburi ba za ta matsu a bas ba alhali ga direba a gida tana cin abinci kyauta. Sai dabara ta zo mini, kuma a lokacin har yaba wa kaina na yi. Na kira Anti na ce ni zan ja awa huɗu, ita ta ƙarasa ta ƙarshe, ta shiga ƙofar gidansu da kanta mahaifiyarta ta gan ta a kan sitiyari. Ta ce ta yarda, amma da sharaɗi ɗaya: a motar makaranta za mu je.

"In dai birkinki yana gefena, Malama, ko ina ne zan je," in ji ta.

Na roƙi mai makaranta ya ba ni motar na kwana biyu. Lissafina shi ne, in ba ni ke riƙe da sitiyari ba, zan rufe ido in ƙirga ɗari biyu, shi ke nan. Na manta abu ɗaya. Shekara bakwai na yi ina horar da jikina cewa a wannan kujerar ba a rufe ido, kuma ƙafar dama ba ta barin kan birki.

Ranar na sa doguwar riga ruwan toka mai ƙananan duwatsu a wuya, wadda Umma ta goge mini da kanta, da mayafi ruwan hoda, da takalmina na aiki mara tudu. Anti ta zo da farin takalminta na asibiti, wai shi ƙafarta ta saba da shi. Tafiyar ta yi daɗi, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Mai Tabarau yana baya yana ɓare wa Gwaggo lemo, yana tambayarta maganin da take sha, har ta saki jiki ta fara ba shi labarin yadda na taɓa tura keken yayana cikin kwata ina 'yar shekara shida. A wani gidan mai muka yi canji. Na gyara wa Anti kujera da madubi kamar kullum. Gwaggo ta cire bel ɗinta ta ce yana danne mata ciki. Na gani. Ni da ba na tayar da mota sai kowa ya ɗaura, ranar ban ce komai ba, hankalina yana kan abin da ke gaba.

Daga nesa na hango gadar. Ba shimfiɗe take ba, hawa take yi, kamar an jingina titi da sama. Muka fara hawa. Bishiyoyi suka koma ƙasa da mu, sannan rufin gidaje, sannan babu komai sai iska tana dukan motar ta gefe. Duk inda aka haɗa gadar taya sai ta ce dum, in ji shi a cikina. Na ce in rufe ido, ido ya ƙi. Na fara ƙirga, na kai sha bakwai na rasa na gaba. Anti kuwa tuƙi take mai kyau, wallahi mai kyau, tana tsakiyar layinta, gudunta daidai, har tana murmushi.

"Malama, kin gan ni kuwa?" ta ce.

A daidai nan muka kai ƙololuwa, inda titin gaba yake ɓacewa kafin ya fara gangara. Na duba ta gilashi ban ga kwalta ba, sai sarari. Jikina ya ce mini titi ya ƙare. Na rufe fuskata da hannu biyu, ƙafata ta tafi ƙasa da duk ƙarfin da Allah ya ba ni.

Sauran kun riga kun ji.

A asibitin da ke ƙetare aka ce hannun Gwaggo ya karye wuri biyu, aka naɗe shi da siminti har gwiwar hannu. Direban motar kayan ya fashe a goshi, aka yi masa ɗinki. 'Yan sanda suka zo da takarda, Anti ta rubuta da hannunta cewa ta firgita ta taka birki, ta sa hannu. Ina tsaye a bayanta. Ni aka miƙa wa biron in mayar wa ɗan sandan.

Da yamma aka kai ni wajen mahaifiyarsu, rigata a yamutse, ɓurɓushin gilashi a mayafina. Tana kwance a ɗaki mai ƙamshin man zafi, an jera mata filo uku. Ta kama hannuna da hannunta mai lafiya ta riƙe, bakinta a karkace, maganar tana fita da ƙyar. Ta ce 'ya'ya biyu gare ta a duniya, duka biyun suna cikin motar nan, ni na dawo mata da su. Ta ce ba suruka ta samu ba, 'ya ta samu. Anti tana zaune a ƙasa a bakin ƙofa, ba wanda ya dube ta.

Washegari yayana ya zo ya ɗauke mu. Kafin mu kai gadar na haɗiyi biyu daga ƙwayoyin Gwaggo masu sa barci, na ce kaina ke ciwo. Ban farka ba sai a ƙofar gida.

Kwana uku da dawowarmu ina wanke kofuna a kicin, Umma ta shigo ta tura ƙofa. Ba ta dube ni ba, ta ɗauki tsumma tana goge murhun da yake a goge.

"Ƙafar wa?" ta ce.

Na ci gaba da wanke-wanke. Ruwa yana ta zuba a kan kofi ɗaya.

Ta kashe famfon da kanta. Ta ce tun da ta ji an ce gada, an ce birki, ta san komai, ita ta haife ni. Na ce zan faɗa wa Mai Tabarau. Sai ta juyo. Ta ce in faɗa masa me, cewa na yi masa ƙarya tun ranar da ya buɗe mini cikinsa, na karya hannun gwaggona, na tsaya ina kallo 'yar'uwarsa ta sa hannu a takardar 'yan sanda? Ta ce lasisin koyarwata zai tafi, aikin zai tafi, auren zai tafi, kuma duk wannan ba zai ɗora ƙashin Gwaggo ba. Ita yayar tasa babba ce, za ta warware. Shekarata talatin ba ɗaya, in ji Umma, kuma wannan ne mutum na farko da ta ga ina gyara mayafi sau biyu kafin in fita wajensa. In bari a ɗaura, in ya so bayan shekara in faɗa masa a cikin ɗakina. Tana maganar hawaye na zuba.

Gwaggo kuwa a falonmu ta tare, ta ɗora hannun siminti a kan filo tana karɓar masu dubiya. Kullum labarin ƙara tsawo yake, gadar tana ƙara tsayi, Anti tana ƙara wauta, ni ina ƙara jarumta. Gidan su wane ne wannan, in ji ta, ɗaya na faɗuwa ɗaya na kifar da mutane. Ranar da Anti ta zo ba da haƙuri, da kwandon ayaba da lemo, har ƙasa ta durƙusa, mace mai 'ya'ya uku. Gwaggo ta juya fuska bango ta ce a rage mata ƙarar fanka. Ni ce na shigo da tiren ruwa. Na ajiye shi a gaban Anti, ta ɗago ta ce mini sannu Malama, kin rame.

Da ta koma gida ta turo mini saƙo. Na karanta shi ya fi sau hamsin, ga shi nan yadda yake: "Malama ki yafe mini, na zubar miki da wahalar wata takwas. Na mayar da tamfol. Tuƙi ba nawa ba ne, dama na sani." Na rubuta mata amsa doguwa, na fara da ba ke ba ce, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Abin da na tura a ƙarshe shi ne: "Allah ya kiyaye gaba, Anti."

Shi kuma Mai Tabarau kullum da safe saƙonsa na farko: "Direbata ta tashi lafiya?" Da rana: "Kin ci abinci? Banda albasa." Ina amsawa da hoton fuskar nan mai dariya. Na daina zuwa aiki, na ce wa mai makaranta wuyana ke ciwo. Ya ce in huta, jaruma, mota tana wajen gyara, kujerata tana jirana.

Yau Asabar Mai Tabarau ya zo da la'asar. Gwaggo ta tafi a duba mata hannu, falon ba kowa sai filonta da kwalaben magani a kan tebur. Tun safe na yanke shawara. Na yi wanka, na sa baƙar riga mara ado, ban shafa komai a fuska ba, na ce in zai tafi ya tafi da ainihin fuskata. Na jera maganar a kaina tun daga Talatar nan ta shekara biyar.

Ya zauna a kujerar da ya saba, ya ƙi taɓa shayin. Shi ya riga ni. Ya ce Anti ba ta barci. Ta ɗauki hutu a asibiti don hannunta rawa yake in za ta yi allura, tana cewa wadda ƙafarta ta yi abin da ba ta sani ba, hannunta ma zai iya. Yaran sun koma tafiya makaranta a ƙasa. Ya ce shekara biyu ya yi yana lallaɓa ta kafin ta fito daga ɗakin nan bayan rasuwar mijinta, yanzu ta koma, kuma wannan karon ba ta buɗe masa ƙofa.

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, kamar ranar hirarmu ta uku.

"Akwai abin da ya kasa zauna mini," ya ce. "Ina bayanta. Dariya take, tana yi miki magana. Mai dariya ba ya firgita haka kawai. Ke kina gefenta, Direbata. Me kika gani?"

Ga ƙofa an buɗe mini har bango. Ba sai na nemi ta inda zan fara ba. Na ɗaga kai, sai na ga labulen ƙofar ciki ya motsa, ƙafafun Umma a ƙasansa, cikin silifas ɗinta shuɗi. Na dubi fuskarsa, babu zargi a cikinta ko kaɗan, taimako yake nema. Na tuna matan nan biyu da suka bar shi, na tuna ni ce ya ce ba zan taɓa ba shi mamaki ba.

"Iska ce ta bugi motar," na ce. "Ta tsorata. Yakan faru da sababbin direbobi."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya gyaɗa kai ya mayar da tabaransa. Ya ce tunda ni na faɗa, shi ke nan, ya daina wahalar da kansa. Sai ya roƙe ni abu ɗaya. Maganata kaɗai Anti take ji. In motar ta fito daga gyara, in ɗauke ta mu koma gadar nan, ni in fara hayewa da ita tana kallo, sannan ita ta dawo da mu. Ya ce ya san abu ne mai sauƙi a wajena.

Na ce to. Ƙafafun da ke ƙasan labule suka juya suka tafi.

Shi yana kurɓar shayin da ya huce, ni ina kallon zanen kafet, sai aka yi sallama a ƙofar falo. Muryar mace ce, ba ta cikin masu dubiyar Gwaggo. Na tashi na buɗe.

Ban taɓa ganinta ba. Za ta yi shekara hamsin, gajeriya, da furfura a gefen ɗankwali, jakar kwamfuta a kafaɗa, takalminta mara tudu irin nawa. Ta gaishe mu a nutse. Ta ce daga kamfanin da ke da motar kayan nan take, aikinta duba hatsarin motocinsu, kuma kowace motarsu tana da kyamara a gaba. An dakatar da direbansu, shi ya sa ta ƙi rufe takardar sai ta gamsu.

Mai Tabarau ya miƙe da ladabi ya ce ai yayarsa ce take tuƙi ranar, ba a nan take ba, amma zai iya raka ta gidan.

"Ba direbar nake nema ba, ɗana," ta ce. Idonta yana kaina, kuma babu mugunta a cikinsa, abin da ya fi tsorata ni ke nan. "Kafin in fara wannan aikin, shekara goma sha biyu na yi ina koyar da tuƙi. Na san abin da ke ƙarƙashin ƙafar mai zama a gaba a irin motar nan. Wadda ta rufe fuskarta kafin fitilar birki ta kama nake nema."

Ta sauke jakar daga kafaɗa, ta dubi teburin da ke gaban kujerarsa, ta matsar da kofin shayin gefe.

"Daƙiƙa tara ne kawai," ta ce. "In kunna a nan, ko za mu fara magana mu biyu?"